Alamar Fensir a Darasi na Goma Sha Takwas

Juma'a, saura kwana ashirin

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga uwar 'ya'yana. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya, da fatan ƙafar Yaya, yayarki da kike jinya, ta fara ɗaukar ta. Ki gaishe ta da jiki, ki ce kullum tana cikin addu'ata.

Za ki yi mamakin takarda alhali jiya muka yi waya. Gidan nan tun da ya yi shiru ba ya riƙe sirri, duk abin da na faɗa Auta na ji. Kuma kin san harshena yakan yi tuntuɓe a inda alƙalamina ke tafiya daidai.

An sa wa Auta ranar jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, ita wannan da Marigayi ɗanmu ya shirya wa, Allah Ya karɓi abinsa saura kwana goma sha ɗaya ya zauna ta. Lissafin bai dame ta ba. Abin da ke hana ta sukuni shi ne rubutun nazari. Za a ba ta wata gajeruwar hujja, irin wadda shugaban kamfani ke rubuta wa ma'aikatansa, a ce cikin minti talatin ta auna ta. Ba ra'ayinta ake nema ba. So ake ta nuna abin da mai hujjar ya ɗauka tabbas ne bai faɗa ba, da wani bayanin da zai iya maye gurbin nasa, da shaidar da za ta ƙarfafa maganarsa ko ta rushe ta.

Da ta yi mini bayani sai na yi dariya. Na ce ai wannan Manɗiƙi ne, ilimin auna hujja, da muka durƙusa muka karanta gaban malamanmu, agogo kawai aka ɗaura masa. Ta kawo ta farko: wani mai shagunan takalma ya shafa wa shago ɗaya koren fenti, ciniki ya hau a watan, don haka wai a shafe sauran arba'in. Na tambaye ta, wane wata ne? In watan komawar yara makaranta ne fa? Zakara na cara gari ya waye, amma ba carar ce ta fito da rana ba. Ta ce, "Baba, ashe ɗan kasuwa muke zaune da shi, ka bar mu muna ta wahala."

Ta ɗauki hutu a ofis, ta roƙi makullin ɗakin Marigayi, don littafin gwajinsa na can, ga teburin nan na jikin taga. Na ba ta, ban shawarce ki ba, ki yafe mini. Shekara huɗu ke nan, amma matashin kujerarsa har yanzu da lotsawar zamansa. Tsakanin azahar da la'asar muke zama. Ita tana buga rubutu a kwamfuta, ni ina bayanta riƙe da agogonsa na tebur.

Kin tuna al'adarmu ta masu karatun littattafai: in muka iske magana mai rauni, sai mu rubuta a gefen shafi da Larabci, fihi nazarun, wato a nan akwai abin sake dubawa. Marigayi ya ɗauki wannan a wurina. Duk darasin da ya yi, alamar na nan da fensir, da rubutunsa mai karkata hagu. A darasi na goma sha bakwai ya tsaya. Na tabbata da haka, domin bayan mun dawo daga binne shi na zauna na buɗe littafin shafi-shafi har ƙarshe, daga nan gaba fari ne fat.

Jiya Auta ta juya zuwa na goma sha takwas. Alamar tana nan, daidai jimlar da ke da rauni. Na ɗora yatsa na shafa, sai baƙi ya biyo yatsana, alhali na da duk sun koɗe sun zauna cikin takarda. Auta ta ce wataƙila yayanta ya leƙa gaba ne kafin rasuwarsa. Na ce wataƙila. Agogon na ta bugawa a tafina, rana tsaka, amma sai da na ja mayafina.

Kada ki gaya wa yayarki. Ki taya mu da addu'a.

Naki,
Malam

Asabar, saura kwana goma sha biyu

Uwar 'ya'yana, aminci ya tabbata a gare ki. Na samu amsarki, na ji daɗin jin Yaya ta taka har ƙofa. Batun alamar kuwa, kin ce tsufana ne da kewa. Da ma haka ne.

Abin bai tsaya ba. Kullum darasin da za ta yi gobe, sai mu iske an riga mu. Na goma sha tara, na ashirin, har na ashirin da biyar. Ba a taɓa kuskure ba, kullum a kan gaɓar da ta fi rauni. Na karɓe makullin, ni ke buɗewa, ni ke rufewa, a aljihuna yake kwana. Na tambayi Auta ko wasa take yi mini. Ta dube ni da idon da ya sa na ji kunya, ta ce ita da Larabcinta bai wuce na karatun salla ba, ina ta ga wannan hannu? Na karanta abin da ya sawwaƙa a kusurwoyin ɗakin. Washegari alamar na nan.

Ita kam ta ma saba. Takan rufe gefen shafin da hannu, ta yi rubutunta, ta gama sannan ta duba ko sun dace. In sun dace sai ta ce, "Ni da Yayana mun ci." Duk sanda ta faɗa sai in kau da kai. Rubutunta kuwa ya yi kyau: gabatarwa a taƙaice, kowane rauni da sakin layinsa, ta rufe da shaidar da ake bukata, har da ragowar minti uku na gyara.

Ranar Laraba ta fara ciwon kai. Tana dafe gefen hagu da yatsu biyu, kamar yadda yake yi. Likita ya ce hasken kwamfuta ne, a gwada mata tabarau. Kin tuna abin da aka fara ce mana a wancan karon.

Yanzu ga abin da na yi, ki ji shi daga gare ni. Ba a shiga ɗakin jarrabawar sai da fasfo. Na ɗauke nata daga aljihun teburinta, na cusa shi tsakanin manyan littattafaina, inda ba mai taɓawa. Ni da na shekara arba'in ina hana mutane camfi, ina gaya musu ba rana ko ɗaki ko tsuntsu da ke jawo ajali. Na sani. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Tun da ba zan iya faɗa mata da baki ba, na rubuta mata a takarda, kamar haka: Yayanki ya zauna a ɗakin nan, ya karanta littafin nan domin jarrabawar nan, ya yi ciwon kai, ya rasu. Ke ma kin zauna, kin karanta, kin fara ciwon kai. Ga kuma hannunsa yana bayyana a inda bai kai ba, wanda gargaɗi ne. Don haka kada ki zauna jarrabawar.

Na bar takardar a kan teburin na kulle. Gobe ne saura goma sha ɗaya. Gobe zan ba ta. In na zalunce ta, Allah Ya gani ba ƙiyayya ba ce. Ɗaya na binne, ba ni da ƙarfin na biyu.

Naki,
Malam

Talata, saura kwana tara

Uwar 'ya'yana, aminci da rahama. Ina fata kun tashi lafiya. Kwantar da hankalinki, Auta lafiya lau, ga ta can ina jin motsinta a kicin.

Ranar Lahadi bayan azahar na buɗe ɗakin, tana biye da ni. Takardata na inda na bar ta. A gefenta, wuri uku, an rubuta fihi nazarun.

Na zauna. Auta ta ɗauki takardar ta karanta har sau biyu. Na zaci kuka za ta yi, ko ta tambayi fasfonta, don ashe tun safe ta nema ta rasa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ture kwamfutar gefe, ta jawo farar takarda, ta miƙo mini agogon ta ce, "Baba, danna."

Ban taɓa jin minti talatin masu tsawon waɗannan ba. Ba abin da ke motsi sai alƙalaminta da labulen taga. Da Hausa ta rubuta, domin ni. Ga abin da ta ce, na kwafo miki gwargwadon iko.

Ta fara da cewa mai wannan hujja mutum ne mai ƙauna, amma hujjarsa ta jingina ga abubuwan da bai tabbatar ba. Na farko, ya gina hukunci a kan mutum ɗaya. Dubbai na shirya wa jarrabawar nan su zauna ta su koma gida, kuma ciwon yayanta likitoci sun faɗi sunansa, ba littafi ya sa masa ba. Na biyu, ciwon kai na da ƙofofi da yawa, gwajin ido na ranar Litinin zai nuna ta wacce nata ya shigo.

Na uku a kaina ya sauka. Ta ce mai hujja ya ɗauka hannun na Marigayi ne, bai duba wani bayani ba. Makulli na hannun mutum ɗaya. Mutumin nan, in ɗiyarsa ta tashi haɗa masa shayi, yakan zauna shi kaɗai a ɗakin ya yi shiru da littafin a cinyarsa. Yana yawo da guntun fensir a aljihun gaba. Kuma shi ya kama hannun Marigayi ya koya masa rubutu, har karkatar. Shaidar da za ta raba gardama: ya dubi gefen hannunsa na dama.

Na duba, uwar 'ya'yana. Toka-toka ne, tun daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu. Wallahi ban tuna na rubuta ko harafi ɗaya ba. Abin da na sani, in ta fita nakan tuna shi, sai in ji kiran la'asar.

Sannan ta ce, ko da an sallama wa mai hujja cewa alamun daga inda ba mu sani ba suke, bai nuna cewa gargaɗi ne ba. Ba su taɓa cewa ta bari ba. Abin da suke yi kullum shi ne nuna mata inda za ta duba don ta ci. Har takardar da ta hana ta, sun ce a sake duba ta. Ta rufe da cewa ajali ba ya kwana a cikin fasfo, kuma wanda ya koya mata haka yana zaune a bayanta riƙe da agogo.

Agogon ya buga daidai tana ɗiga aya. Na tashi na je na zaro fasfon, na haɗa da fensirin da makullin na ajiye a gabanta. Na nemi gafarar Ubangijina, na nemi tata. Ta share idonta da gefen mayafi ta ce, "To Malam, maki nawa ka ba ɗalibar taka?" Na ce sai na yi shawara da zakara.

Jiya an gwada idon, tabarau ne. Tun ranar kuwa ba alamar da ta sake fitowa.

Naki,
Malam

Alhamis, ranar jarrabawa

Uwar 'ya'yana, aminci ya tabbata a gare ki, ke da Yaya da mutanen gidan. Alhamdu lillahi, an yi an gama.

Ni na raka ta. Wurin jarrabawar bene ne mai ƙofar gilashi. Suka karɓi jakarta suka kulle a akwati, wata ma'aikaciya ta dubi fasfon ta dubi fuskarta, ta sa ta cire tabarau ta mayar. Na zauna a benci a waje da carbina. Da ta fito ta ce hujjar da aka ba ta ba ta kai tawa wuya ba, kuma yunwa take ji. Sakamakon rubutun sai nan gaba, yana hannun Allah.

Da muka dawo na roƙi makullin don in buɗe tagogin ɗakin ya sha iska. Ta zaro shi daga jakarta, tare da guntun fensirina, inda suke tun ranar Lahadin nan. In ta buɗe ɗakin don karatu ina bayanta, in ta tashi tare muke fita.

Takardar da ta rubuta mini na kan tebur. Kin san in an gyara kuskure a littafi, gyaran ya tabbata, mukan sa kalma ɗaya a ƙarshensa: sahha, wato ya inganta. Tana nan a ƙarƙashin layinta na ƙarshe, da fensir, ta karkata hagu.

Na dubi gefen hannuna. Fes yake.

Na san akwai wasu bayanai, 'yarki ta koya mini neman su. Ban nema ba. Ban shafa da yatsa ba, ban kuma kira ta na tambaye ta ba. Na karanta, na ga hukuncin daidai ne, ko wane ne ya yanke shi. Na yi wa yaronmu addu'a, na linke takardar na sa a darasi na goma sha takwas, na bar taga a buɗe.

In Yaya ta samu ƙarfi ki dawo, gidan na nemanki. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri bisa jinyar da kika yi, Ya haskaka kabarin wanda ya riga mu, Ya yi wa wadda ta rage mana albarka, Ya tsare zuciyarki daga irin tsoron da ya kama tawa. Amin.

Naki har kullum,
Malam