Shagwaɓa ta Shiga Garke

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki? Ina fatan ciwon gwiwar nan ya lafa. Ni lafiyata lau, kuma zaki bai cinye ni ba kamar yadda kike tsoro. Ko ƙeyarsa ban gani ba tukuna.

Mama, gandun dajin nan da abin kallo yake. Gadu durƙusawa yake yi in zai yi kiwo, sai ki ce gaban surukai ya zo. Birai kuwa sun iya buɗe ƙofar mota fiye da direbanmu. Kullum ina cikin tambaya, har masu gadi sun fara guduna.

Aikina yanzu rainon wata 'yar barewa ce da aka tsinta babu uwa. Da kwalba nake ba ta madara, na raɗa mata Shagwaɓa saboda duk inda na sa ƙafa tana biye. Likitan dabbobi ya ce nan matsalar take. In ba ta shiga garke kafin damina ba, keji za a kai ta a gidan namun daji, can za ta tsufa. Don haka an hana ni kiran sunanta, an hana ni shafa ta. Kowace safiya sai na goga mata kashin 'yan uwanta a jiki, wai don su ji warinsu su karɓe ta. Kashi fa, Mama, ni da ke toshe hanci in za ki aike ni zubar da shara. Me suke ji a warin nan, har yau ban gane ba.

Ki gaida Baba da mutanen gida.

Taki,
Auta

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa lafiya. Na ji gwiwa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Shekaranjiya muka kai Shagwaɓa bakin tafkin da bareyi ke shan ruwa. Na ɓuya a bayan mota ina leƙe. Ta yi ta kuka tana nemana, na danne bakina da gyale don kada in amsa. Can wata tsohuwar barewa ta matso, ta shinshina ta tun daga kunne har wutsiya, ta koma shan ruwanta kamar ba komai. Da garken ya tashi, da Shagwaɓa ya tashi. Na jira ta waiwayo ko sau ɗaya, ba ta waiwayo ba.

Kowa na ta yi mini barka, ni kuma hawaye. Na yi murna, amma raina ya sosu ƙwarai.

Sai na tuna ranar da kika raka ni tasha. Na ɗauka fushi kike da tafiyata, don mota na tashi na gan ki kin rufe baki da mayafi, ko sunana ba ki kira ba. Ashe haka abin yake.

Na nemi hutu, ina nan tafe ƙarshen wata. Ki tanadi duk kiran da kika haɗiye, zan amsa.

'Yarki mai kewarki,
Auta