Akwatin hotunanka, babu kai a ciki

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. A lakwal an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a tambayi lafiyar wanda ake rubuta wa, to ni ban san yadda zan yi da wannan layin ba. Na san ba za ka karanta ba. Babu kamiyo ko wata motar da za ta ɗauki takardar nan ta kai ta Sigidin inda aka binne ka, ko da an samu, wa zai miƙa maka? Na rubuta ne kawai don in ban rubuta ba Inna zan faɗa wa, ita kuwa abin da ke kanta ya ishe ta.

Mu dai muna lafiya. Inna ta fita takaba, ta koma tuyar fankasau a ƙofar gida. Jar akuyar ta haihu. Rufin ɗakinka ya yi yoyo da damina, an yaɓe shi. Na ci jarrabawa na shiga lise, babbar sakandare, kamar yadda ka so.

Baba, haushinka nake ji. Allah ya yafe mini, na san ba a faɗa wa uba haka, balle uban da ya rasu. Amma bari ka ji dalili.

Kwanakin baya na je kasuwa da Zahara, autarka. Ina cinikin tattasai sai ta fizge hannunta ta ruga a guje, ta rungume ƙafar wani mutum mai shuɗin rawani, tana kiran Baba, Baba. Mutumin Abzin ne mai sayar da cuku, ko Hausa bai ji sosai. Ya sunkuya ya shafa kanta, ya ba ta dabino, ya yi mini wata magana da Tamashek wadda ban gane ba. Da ƙyar na ɓamɓare ta daga jikinsa. Tun daga kasuwa har gida tana kuka, wai na raba ta da kai. Kuma ba shi ne na farko ba. Duk namijin da ya naɗa shuɗin rawani ya rufe baki, a wurin Zahara kai ne.

Sai na ce a raina, ai wannan mai sauƙi ne. Ubanmu mai ɗaukar hoto ne, duk unguwa ta sani. Zan ciro hotonka guda ɗaya in kafa a bango, kullum in nuna mata in ce ga Baba, wannan ne, ba kowane mai rawani ba.

Na buɗe akwatin ƙarfen nan naka. Na zazzage shi a tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya, tun na zamanin da kake tuƙa Turawa masu yawon buɗe ido, lokacin da ɗayansu ya bar maka aparai ɗinsa na ɗaukar hoto. Waɗanda ba a wanke ba, na cikin ƙananan katunan nan, na kai gidan wata ƙawata na duba a ordinatar yayanta, wato kwamfuta.

Baba, mene ne wannan?

Kangon Jado daga gabas. Kangon Jado daga yamma. Kangon Jado da safe, da yamma, da wani lokacin da ban san sunansa ba. Bangon gishirin Sigidin, har ka matsa kusa ka ɗauki tsagar da ke jikinsa ita kaɗai. Rusasshen masallacin Asode. Raƙumin dawa da mutanen da aka zana a jikin dutse. Waɗannan na yarda, ko malamin tarihinmu zai so ganinsu. To tayar mota da aka ɗora a kan ganga a tsakiyar rairayi fa? Ta kai hoto nawa? Gawar kamiyon da yashi ya cinye rabinta. Hayaƙin garin Cirozerin daga nesa. Allon wani mai tukuba a Adarbisanat, inda aka zana rago ya fito kamar kare, ka ɗauke shi a shekaru dabam-dabam har fentin ya koɗe, kamar ɗanka ne kake bin girmansa. Akwai takalmi warin ƙafa ɗaya rataye a jikin ƙaya. Wani ya jefar da takalminsa, kai ka tsayar da kamiyo cike da mutane cikin rana, ka sauka, ka durƙusa, ka ɗauke shi hoto.

Kai kuwa babu kai. Ko guda.

Na tuna ranar da maƙwabcinmu ya ce ka kawo aparai ɗin ya ɗauke ka tare da mu a zaure, ranar salla. Ka ce fuskarka kullum tana nan, wa zai rasa ta, bango ne ke zubewa kowace damina babu mai tuna yadda yake. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi a bayan ƙofa. To Baba, direbobin da suka sauko daga arewa sun ce bangon Sigidin yana nan tsaye. Kangon Jado ma yana nan. Tayar nan ma, in an bincika, tana kan gangarta. Wa ya tafi a cikinku?

Ban haƙura ba. Na ɗauko katin shaidarka daga jakar da aka dawo mana da ita. Hoton kamar ƙwayar gyaɗa, na lokacin da ko gemu ba ka da shi, gumi ya jiƙa shi ya bushe ba adadi, kuma wanda ya buga hatimi ya rasa inda zai buga sai a kan hancinka. Na bi gidajen dangi ina roƙon hotunan biki da na suna. Ka san ni da shiga gidan mutane, sai na tsaya a ƙofa ina maimaita abin da zan faɗa kafin in yi sallama. Na same ka a biyu. A ɗaya ka ba da baya kana zuba wa mutane shayi. A ɗayan kana can ƙarshen layi, ka ja rawani har ƙasan ido, an kuma yanke rabinka. Gwaggo ta rantse kai ne, mijinta ya rantse mai gyaran rediyo ne na bakin tasha.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba don Zahara kaɗai nake neman hoton nan ba.

Baba, ban san fuskarka sosai ba.

Ni ce ɗiyarka ta fari. Ba ka kiran sunana, ba ka zama da ni a gaban mutane, ni ma an koya mini in sunkuyar da kai in kana magana, kuma na koya da kyau, kamar yadda nake koyon kome. In ka dawo daga tafiya ka shimfiɗa hotuna a tabarma kana ba mu labari, Zahara tana kan cinyarka tana jan gemunka, ni ina gefe ina kallon abin da yatsanka ya nuna. Na san yatsan. Na san farcen da ƙofar kamiyo ta taɓa matsewa ya fito a karkace. Na san takalmanka, na san faso ɗin da ke dugaduganka, na san tarinka tun daga bakin lungu. In aka jera ƙafafun mazan Agadas duka zan fitar da naka. Amma in na rufe ido in ga fuskarka, sai rawani ya zo, da idanu biyu, sauran kuma ya ƙi zuwa. Da can ina cewa akwai lokaci, in na girma zan saci kallo. Ashe zazzaɓi na jiranka a hanya.

Na tambayi Inna yadda kake. Ta ce wace irin tambaya ce wannan, kamar mutum kake mana, in tashi in duba mata wuta. Gwaggo ta ce dogon hanci gare ka irin na Kaka. Wata maƙwabciya ta ce a'a, hancin Zahara ne sak, Zahara kuwa hancinta kamar maɓalli. Kowa ya ba ni nasa, na haɗa su a kaina suka ƙi zama mutum ɗaya.

Daga ƙarshe aka ce in je wurin Baba Ilu, abokin tafiyarka, wanda ya yi maka wanka ya binne ka ya kawo mana jakarka. An ce yana da hotonka a tarhonsa. Baba, tasha na je. Ni. Na ratsa tsakiyar masu lodi da masu haƙar zinariya da ke jiran motar daji, kowa na kallona da jakar lakwal, wani na tambaya ko ni ma zinariyar za ni nema. Na iske Baba Ilu a gindin kamiyonsa yana shan shayi da abokansa. Da ya gane ni sai ya ce a matsa, a matsa, ga ɗiyar mai kango ta zo. Ashe sunan da suke kiranka ke nan. Ka sani?

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce in ƙara murya shi ba aljani ba ne. Na sake faɗa. Ya buga ƙirji ya ce hotonka ai sai wanda ya zaɓa, shi da ya yi shekaru yana haƙuri da kai. Wai ka sha sa shi ya yi asarar sanyin safiya a kan wani tulin duwatsu, fasinja na zagi, kai kana cewa a dakata rana ta ɗan karkata. Wai ranar da ya gaji ya ce zai tafi ya bar ka, ka ce ya tafi, kango ya fi shi iya hira. Abokansa suna ta dariya, shi yana ta shafa tarho da babban yatsa, yana wuce hotunan injin mota da na jikokinsa. Can ya ce yawwa, ga ɗan banzan nan, Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini.

Kai ne. Kana tsaye a gaban bangon Sigidin, ka sauke rawanin har wuya saboda zafi, rana ta haske ka sosai, babu abin da ya tare ka.

Sai aparai ɗin. Ka ɗaga shi da hannu biyu ka manna a fuskarka, kana ɗaukar Baba Ilu yana ɗaukarka. Kunne ɗaya ya fito, da gemu kaɗan a ƙasa.

Na tambaye shi ko akwai wani. Ya ce ai wannan ya fi kowane kama da kai, shi bai taɓa ganinka babu wannan abin a fuska ba. Sai ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce wa na kusa da shi ya zuba mini shayi. Ban iya sha ba. Baba, da kana kusa a lokacin nan, ina jin da na ɗaga kai na harare ka.

Na karɓi hoton a wurinsa, na kai aka wanke shi duk da haka. Da Inna ta gani ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye, ta shige ɗaki. Zahara kuwa ko tambaya ba ta yi ba. Ta karɓa ta ce Baba, ta sumbaci aparai ɗin. Yanzu yana kafe a bango, kullum da safe sai ta gaishe shi. Jiya mun wuce masu rawani a hanyar kasuwa ba ta saki hannuna ba. Ita dai ta samu nata.

Ni ban samu ba, kuma na gane ba zan samu ba. Na zauna da wannan haushin har ya kai ni ga abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ɗauko aparai ɗinka ba da izinin kowa ba, na yi masa caji, na fita ƙofar gida inda Inna ke tuya, na ce ta dubo ni. Ta ce in ɓace mata da gani, ita da ke cikin hayaƙi da tsohon zane, ta ja mayafi za ta rufe fuska. Na ce a'a. Da ƙarfi na faɗa, har mai sayen fankasau ya juyo. Na ce an yi mini sau ɗaya, ba za a sake ba. Ta tsaya da matsami a hannu tana kallona, ta saki mayafin.

Na sa idona a ƙaramar tagar nan ta aparai ɗin. Baba, ashe ta cikinta ana iya kallon mutum ido cikin ido, a daɗe ana kallo, ba wanda zai ce rashin kunya ne. Inna tana da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu. Girarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo. In tana ƙoƙarin hana kanta murmushi, leɓenta na ƙasa rawa yake yi. A cikinta na kwanta, a gidanta na girma, sai ranar na gani.

Kai ka san wannan, ko? Shekara da shekaru abin yana rataye a wuyanka. Ka kalli takalmin wani da shi, ka kalli ragon da ya yi kama da kare. Me ya hana ka juyo shi gare ni sau ɗaya, ka ce in ɗago kai, aikin hoto ne? Da na ɗago. Da ka gan ni, da ni ma na ga abin da ya samu.

Hotunanka suna nan, na mayar da su akwati, na sa ƙyalle a kai saboda gara. Ba zan zubar da ko ɗaya ba, har tayar. Amma kada ka sa rai zan ɗauki bango.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka a wannan ƙasa mai gishiri, ya yafe maka, ya yafe mini wannan takarda. In ya haɗa mu a inda babu rabuwa, don Allah ka zo hannunka babu kome, fuskarka a buɗe. Ni ma na yi alkawari ba ƙasa zan kalla ba.

Sai mun zo.

Ɗiyarka,
Mariyama