Surukina Yana Ɗaure Wayar Kamfani

Baba Shitu, ka taimake ni, aikina na neman kuɓuce mini. Ni akawu ne a ofishin wani kamfanin taki a Malumfashi. Bana aka kawo mana kwamfuta, da ita nake aika saƙon neman motoci zuwa Funtua. Hanyarta biyu: wayar tarho da rediyo. Akwai wani akwati da ke juya saƙo kan rediyo da kansa in waya ta mutu.

To, iskar farkon damina ta tsinka wayar a garin Ƙarfi, kuma a gonar surukina, Alhaji Bature, ta faɗi. Bawan Allah, don ya san da ita nake cin abinci, kullum ta sake tsinkewa sai ya haɗa bakunan wayar ya murɗe, ya rataye ta a kan bishiyar ɗorawa. Akwati ya ji ɗan motsi ya koma kan waya, saƙona ya ɓace a hanya. Sau uku manoma suna wuni a ƙofarmu ba mota. Injiniya Ganiyu ya zo ya ce kwamfuta lafiyarta lau. Manaja ya ba ni takardar gargaɗi. Ni kuwa mutumin da ko ido ba ma haɗawa, yaya zan ce ya daina?

Mai Baƙin Ciki, Malumfashi.

Ɗana, na karanta takardarka sau biyu, na yi dariya sau ɗaya, ka yafe mini. Akwatinku irin mutanen nan ne da in majiyyaci ya yi atishawa sai su ce ya warke, a ba shi fartanya.

Alhaji ba shi da laifi, alheri ya nufa. Manajanka ma yana da gaskiya, taki ba ya jiran kunyar kowa. Laifin naka ne: ka san inda ciwon yake, ka bar Ganiyu yana lalube a tebur.

Gobe ka zare wayar daga bayan akwatin, ta mutu mutuwar gaske, saƙo ya bi rediyo. Kowane saƙo ka aika, kada ka tashi sai Funtua ta amsa. Sa'an nan ka gaya wa Ganiyu komai, ya kai masu gyaran waya can Ƙarfi.

Shi kuwa Alhaji, ka tura aminin mahaifinka da goro, ya yi masa godiya, ya roƙe shi ya riƙa tsare wayar kada kowa ya taɓa ta. Dattijon da aka ba gadi ba zai fara karya doka da hannunsa ba.

Allah ya bar ka a kujerarka, ya ba manomanku damina mai albarka.