Gobe Za Mu Kunna Famfon Zakka

Laraba da dare, Batsari

Na kasa barci. Yau na gama haɗa wayoyin sola a rijiyar burtsatsen ƙauyen Zakka, aikina na farko tunda kamfani ya ɗauke ni. Oga yana Katsina, ya bar mini komai. Sai gobe da hantsi za mu kunna famfo.

Zan hau babur ke nan wata tsohuwa ta tare ni. "Injiniya, ɗan nan, in tura jikokina rafi da asuba, ko su jira naka?"

Na ce, "Su jira, Inna."

Me ya kai bakina? A jami'a in na yi kuskure, maki kawai nake rasawa. Yanzu kuwa jarkoki sun yi layi har bakin masallaci. Allah Ka sa ruwan nan ya hau.