Motar da ka bari a goshin zaure

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan ta same ka a duk inda Allah ya ajiye ka.

Ka tuna shekarar da motar nan ƙirar Amurka ta kafe a yashin gulbi, dab da shingen iyaka? Ina sayar da fura a gindin gawo, kai kuma ka baro ginin mutane da laka a hannunka. Motocin da muka sani a Jibiya duk kamar akwati suke. Wannan kuwa doguwa ce, baƙa wul, ba kusurwa ko ɗaya a jikinta.

Direban ya ce wai a can ƙasar akwai wani mutum da ke fara mulmula mota da yumɓu, sai ta yi masa kyau a ido sannan maƙera su bi. Ka shafa gefenta, Baturen da ke ciki yana ta faɗa. Ka dawo gida kana cewa, "Wanda yay yi wagga magini na, irina."

Daga ranar ka lalace mana. Tuwo na hucewa kana zane a ƙasa. Ka kankare dagin da ke goshin zaurenmu, ka ɗora motar da laka. Mutanen Magama da Riko suna tsayawa kallo, ni ko ina ta mita.

Wani attajirin Maraɗi ya gani, ya ce sai ka yi masa irinta. Ka tsallaka, ka ce kafin shuka za ka dawo. An ce a ranin da ka tafi Faransawa sun kwashi mutane aikin hanya. An ce kuma an gan ka a Damagaram. Ko hularka ba wanda ya kawo mini.

Sani da ka bari a goye yanzu ya tara iyali. Damina ta cinye ƙafafun motar, bangon ya tsage, Sani ya ce gobe zai rushe shi kafin ya danne masa yara. Na kira magina, duk wanda ya gwada lanƙwasar nan sai ta fito masa a karkace. Na amince ya rushe, amma ba da son raina ba, don muddin tana tsaye ji nake kamar yanzu za ka yi sallama.

Ina kewarka, mai taurin kai. Har yau ban san addu'ar da ta dace da kai ba, sai in haɗa biyu. In kana raye, Allah ya juyo da kai gida, ko da ba za ka gane ƙofar ba. In ka riga mu, Allah ya sa an samu wanda ya yi maka sutura.

Matarka,
Uwar Sani