Layukanka sun miƙe, Yaya

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk inda kake. Na rubuta nan a bainar jama'a don lambarka ta Aljeriya ta daina shiga tun damina, ko Allah zai sa wani ya gani ya kai maka.

Ka tuna ranar da ka ɗauko ni daga gonarmu ta Tsibiri, ka zaunar da ni gaban ordinater, wato kwamfuta, a sibar ɗinka, shagon intanet na Sabon Gari? Ni da ko firamare ban ƙare ba. Ka ce, "Habu, kodi, rubutun da ake gina shafin intanet da shi, kamar kunyar gona yake. Layin da ke cikin wani, tura shi ciki." Amma kai turinka ba ya da ƙa'ida. Wani layin ka kai shi tsakiya, wani ka bar shi a baki. Ko cikin aikin mutane da yawa ina gane hannunka, yadda Baba ke gane huɗar kowa.

Sai aka rufe iyaka, aiki ya tsaya, ka tafi.

Makon jiya masu zogalar Jiratawa suka zo in canza hoto a shafin da ka gina musu. Ashe an sabunta manhajar da muke rubutu cikinta, ban lura ba. Ina danna ajiyewa, ta jera layukan da kanta. Duka. Tsaf, kamar sojoji a fareti. Kafin in mayar da su yadda suke, aka ɗauke kuran, wutar lantarki, damar mayarwa ta wuce.

Shafin na aiki, Yaya, har godiya suka yi. Amma na duba sama da ƙasa, ba ka ciki.

Tun ranar na kasa zama. In buɗe, in rufe, in fita bakin titi, in dawo. Na gwada karkata layukan da hannuna, nawa ke fitowa, ba naka ba. Inna ta tsare ni da ido, wai ko wani labari na ji nake ɓoye mata. Me zan ce mata?

Saura aiki ɗaya da manhajar ba ta taɓa ba: shafin sibar ɗinmu, wanda ka bari rabi. Ka buɗe sashe cikin kodin ba ka rufe ba. Na kashe wannan jerawar a manhajar, na kwafe shafin a kile, ɗan filas ɗin nan na ajiya, na ba Inna ta ajiye cikin kayanta. Na iya rufe sashen yanzu, amma ba zan yi ba. Ka zo ka rufe abinka.

Allah ya tsare mana kai, ya buɗe hanya, ya maido ka gida da ƙafarka. Amin.

Ƙanenka mai jiranka,
Habu