Mushen Motar Baban Auta

Asabar, 4 ga Mayu
Yau Baban Auta ya jawo mana mushe gida. Wai mota. Da igiya aka jawo ta, babu gilashin baya, ɓeraye sun cinye kujerun. Irinta ce ya koyi tuƙi da ita yana saurayi, in ji shi. Na ce, "To me za mu yi da ita?" Ya ce, "Tayar da ita zan yi." Sai dai ko ranar tashin ƙiyama.
Tun da ya yi ritaya ban ji ya yi doguwar magana irin ta yau ba. Amma daidai inda nake shanya aka girke ta.

Talata, 7 ga Mayu
Babbar tukunyata ta ɓace. Na tsince ta a gindin motar, cike da kananzir da notuna, wai tsatsa yake jiƙawa. Ban ce uffan ba.
Ƙarya nake, na ce.

Lahadi, 12 ga Mayu
Kafiretar motar a kan teburin cin abinci, an shimfiɗa mata tawul kamar jaririya. Mu kuwa a ƙasa muka ci. Wani ɗan mitsitsin sifirin na cikinta ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera, sai ga mu muna rarrafe, ni da ciwon gwiwata. Zancen buroshin haƙorina kada ma in rubuta.

Litinin, 20 ga Mayu
Maƙwabcinmu Tsohon Direba ya mayar da tsakar gidana majalisa. Bai taɓa ɗaga sifana ba, sai "a zamaninmu" da shan shayina.
Yau wata da nake wa ɗinki ta zo gwaji da farar riga, ta zauna a kujerar da aka ɗora fulogan motar jiya. Baƙin mai har baya. Na ba ta haƙuri har bakina ya bushe. Ba za ta dawo ba, na gani a idonta. Baban Auta kuma cewa ya yi, "Fetur yana fitar da shi." Fetur!

Alhamis, 23 ga Mayu
Yana fita na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya zagaya motar, ya shure ta, ya ce da guduma za su farfasa ta a nan, ya fi sauƙin ɗauka. Muna cikin haka Baban Auta ya dawo. Na shirya wa faɗa. Kallon mutumin kawai ya yi, ya kalle ni, ya ce, "In ta dame ki, Maman Auta, a ɗauke." Ya shige ɗaki.
Na sallami mai ƙarafan. Ban san dalili ba. Shurin nan da ya yi mata ne ya ba ni haushi, ina ji.

Laraba, 29 ga Mayu
Baban Auta bai ko kalli motar ba. Ya koma zaman shirun nan gaban talabijin. Gida tsaf, ni kuma kamar in yi ihu.

Asabar, 1 ga Yuni
Ya fito da safe. Ina kan keken ɗinki ina hango shi ta taga, yana ƙoƙarin ɗaura wani ɗan noti a jikin fitilar motar. Ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai na lura hannunsa na dama rawa yake yi, rawa sosai. Ya waiga, ya tura hannun ƙarƙashin cinya ya zauna a kai.
Na fita. Na ce, "Tun yaushe?" Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce tun kafin ya bar aiki. Shi ya sa yake riƙe kofi da hannu biyu, ni ina cewa tsufa ne! "So nake in ga ko hannun nan zai iya gama abu ɗaya," in ji shi.
Na rasa wanda zan fara zagi, shi ko ni. Na karɓi notin na ɗaura. Wai, "Ba haka ba, a hankali, za ki cinye zaren notin." Ka ji mutum.

Alhamis, 13 ga Yuni
Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce rawar ba ta warkewa, amma magani yana rage mata gudu. Ya ce ya ci gaba da aikin hannu, zai taimaka. Baban Auta ya kalle ni kamar wanda ya ci shari'a. 'Yarmu Auta ta kira daga makaranta tana kuka, shi kuwa labarin lagireton motar yake ba ta.
Yanzu duk abin da ya yi ƙanƙanta sai a ƙwala mini kira. Farcena ya yi baƙi ƙirin.

Asabar, 22 ga Yuni
Na je kasuwa sayen zare. Hanya ce kawai ta bi da ni ta layin kayan mota. Wani ya miƙo mini fambel, bel ɗin fankar inji, wai shi ne na irin motarmu. Na ce wannan ya yi faɗi. Ya ce, "Mama, ki turo maigidan." Na ce ni ce na cire tsohon da hannuna, ya sake dubawa. Sai da ya zazzage buhu biyu ya samo na daidai.
Motarmu na rubuta a sama? Motarsa.
Zaren dai na manta ban saya ba.